Tumfure da Alamar #: Yadda Sauya Kan Sashe Ke Ɓatar da Mai Karatu a Intanet

Matafiyin da ya sauka a filin jirgin sama na Lawanti ya kamo hanyar shiga Gombe, sai ya ratsa Tumfure kafin ya kai tsakiyar gari. Gidaje da shaguna da makarantu sun haɗe unguwar da birnin, har baƙo ba zai iya nuna inda wannan ta ƙare wancan ya fara ba. Idan aka tambayi mazaunanta inda suke da zama, Gombe za su ce. Amma a takardar hukuma Tumfure tana ƙarƙashin Ƙaramar Hukumar Akko ne, mai hedikwata a Kumo, ɗaya daga cikin ƙananan hukumomi 11 na jihar da aka cire daga Bauchi ranar 1 ga Oktoba, 1996.

Wannan zama tsakanin gida biyu yana da tasiri ga duk wanda zai rubuta bayanin unguwar a kundin sani na intanet irin Wikipedia. Zai iya saka ta cikin shafin birnin Gombe, tunda a nan rayuwarta take. Zai iya saka ta cikin shafin Akko, tunda can doka ta ajiye ta. Ko wanne ya zaɓa, bayanin unguwanni irinta galibi yakan zo ne a matsayin sashe guda cikin dogon shafi, ƙarƙashin wani ɗan kai da aka rubuta da manyan baƙaƙe. Hadimin da ke haɗa wa ubangidansa taƙaitaccen bayani kafin ziyarar aiki ba dukan shafin yake so ya tura ba. Sakin layi uku kawai yake so a gani. Abin da ke ba shi damar yin haka shi ne kan sashen nan, wanda manhajar wiki ke mayarwa adireshi mai zaman kansa. Adireshin kuwa yana da rauni irin wanda yawancin masu amfani da shi ba su lura da shi ba, kuma raunin ya shafi kowane ofishin gwamnati da ke shirin barin takarda ya koma kwamfuta.

Asalin wiki a taƙaice

Kalmar wiki daga harshen mutanen tsibirin Hawai ta fito, ma'anarta sauri. Wani masanin kwamfuta ɗan Amurka, Ward Cunningham, shi ya fara amfani da ita a 1995 ga wani dandali da ya gina, wanda kowane mai karatu ke iya gyara shafukansa nan take. Wikipedia ta zo ranar 15 ga Janairu, 2001, kuma manhajar da take gudana a kai, MediaWiki, kyauta ce ga duk mai so. Da ita ake tafiyar da Wikipedia ta Hausa, kuma kamfanoni da jami'o'i da hukumomi a ƙasashe da dama suna girka ta domin adana ƙa'idojin aikinsu na cikin gida. Saboda haka abin da za a faɗa a nan bai tsaya ga Wikipedia kaɗai ba.

Yadda kan sashe ke zama adireshi

A MediaWiki, marubuci yana yin kan sashe ta hanyar kewaye kalma da alamar daidai guda bibbiyu, kamar haka: == Unguwanni ==. Idan ya ƙara alamar ta zama uku-uku, ya sami ƙaramin sashe a ƙarƙashin babba. Da zarar ya adana shafin, manhajar takan yi abu biyu ba tare da an umarce ta ba. Na farko, takan jera kanun cikin ƙumshiya; a tsarin da aka daɗe ana amfani da shi, ƙumshiyar na bayyana da kanta idan kanun sun kai huɗu. Na biyu, takan kafa wa kowane kai wani turke a ɓoye cikin shafin, ta raɗa masa sunan kan sashen daidai wa daida.

Turken nan shi ne abin da mahaɗi ke ɗaurewa a jiki. Mai son kai mutum sashen kai tsaye sai ya rubuta sunan shafi, ya sa alamar #, sannan sunan sashen: [[Gombe#Unguwanni]]. Haka adireshin zai fito a saman burauza, da alamar # kusa da ƙarshensa. Idan kan sashen ya ƙunshi kalmomi biyu ko fiye, ɗan layin ƙasa ne ke maye gurbin sararin da ke tsakaninsu. Alamar ta girmi shigarta Facebook da X da shekaru masu yawa. Tana cikin tsarin adireshin yanar gizo tun farkon shekarun 1990, lokacin da Tim Berners-Lee ya shimfiɗa tubalin yanar a cibiyar bincike ta CERN da ke kusa da Janiba.

Akwai wasu ƙa'idoji ƙanana da ke da nauyi. A Wikipedia harafin farko na sunan shafi bai damu da babba ko ƙarami ba, amma abin da ya biyo bayan # ya damu: "Unguwanni" da "unguwanni" turaku biyu ne daban. Idan kuma kai iri ɗaya ya maimaitu a shafi, misali "Tarihi" a ƙarƙashin Tumfure da wani "Tarihi" a ƙarƙashin Pantami, manhajar takan bar na farko da sunansa ta liƙa wa na biyu lamba 2. Ranar da wani ya cusa sabon "Tarihi" a samansu, lambobin za su gusa, mahaɗin da ke nuna Pantami jiya ya koma nuna Tumfure yau.

Karyewar da ba ta yin ƙara

Masu gyaran Wikipedia sun saba da jan mahaɗi. Idan aka yi mahaɗi zuwa shafin da babu shi, kalmar takan fito ja, kowa ya ga akwai giɓi. Haka ma a sauran yanar gizo, shafin da ya ɓace yakan mayar da saƙon nan mai lamba 404. Mahaɗin sashe ba shi da irin wannan gargaɗi. Idan wani ya ga "Unguwanni" bai gamsar da shi ba ya mayar da shi "Unguwannin birni", duk mahaɗan da aka ɗaure a tsohon turken za su ci gaba da fitowa shuɗi kamar lafiyarsu ƙalau. Mai karatu zai latsa, shafin ya buɗe, amma a ajiye shi a can sama, ya rasa dalilin da ya sa aka turo shi.

Dalilin yana cikin yadda aka gina yanar gizo. Lokacin da burauza ke neman shafi daga kwamfutar da ke ajiye da shi, ba ta aika abin da ya biyo bayan alamar #. Takan karɓo dukan shafin, sannan ita da kanta ta laluba turken ta gangara da mai karatu wurin. Idan ba ta same shi ba, sai ta yi shiru. Kwamfutar da ke ajiye da shafin ba ta ma san an nemi wani sashe ba, balle ta kai ƙara. Ko jerin nan da MediaWiki ke bayarwa na shafukan da suka yi mahaɗi zuwa wani shafi, sunayen shafukan kawai yake nunawa, ba ya faɗin sashen da kowannensu ya nufa. Mai gyaran da ya sauya kai ba shi da hanya mai sauƙi ta sanin igiyoyi nawa ya tsinka, musamman waɗanda ke waje, cikin saƙonnin WhatsApp da rahotanni da wasiƙun imel.

A dawo kan Tumfure. A ce an daɗe da bayaninta a shafin Gombe, an yi ta tura mahaɗinsa. Wata rana wani mai kula da daidaito ya kwashe sashen ya mayar shafin Akko, kuma yana da hujja. Bayanin bai ɓace ba, amma duk wanda ya bi tsohon mahaɗi zai tarar da tarihin masarautar da Buba Yero ya kafa, da labarin dawo da mazaunin sarauta garin Gombe na yanzu a 1919, ba tare da ko kalma ɗaya kan unguwar da ya zo nema ba. Babban gari yana da shafinsa, da wuya ya ɓace. Ƙaramar unguwa da ƙauye da gunduma, waɗanda ke raɓe cikin shafin wani, su ne irin wannan gyara ke shafewa daga idon mai nema.

Masu aikin wiki sun samar da magunguna. Wikipedia ta Ingilishi tana da wani samfuri mai suna Anchor, wanda ke ba mai gyara damar barin tsohon suna a matsayin turke na biyu a ɓoye, ta yadda tsohon mahaɗi da sabo duk za su kai wuri guda. Akwai kuma shafin turawa: a buɗe shafi mai suna Tumfure wanda aikinsa kawai ya miƙa mai karatu ga sashen da ya dace. Idan sashen ya yi ƙaura, wuri ɗaya za a gyara, kowa ya amfana. Haka nan akwai manhajojin sintiri da ke bin shafuka suna gyara mahaɗan sashe da suka karye, amma ikonsu bai wuce cikin wiki ba.

Ƙugiyar ƙ da waƙafin 'yan

Mai rubutu da Hausa yana da ƙarin kaya a kansa. An tsara adireshin intanet tun asali da baƙaƙen Ingilishi, don haka harafin da ba ya cikinsu sai an juya shi zuwa lambobi. Harafin ƙ yakan zama %C6%99, ɗ ya zama %C9%97, ɓ kuma %C9%93. Shi ya sa mahaɗin da ke da kyan gani a burauza kan rikiɗe ya zama doguwar igiyar alamomi idan aka kwafe shi zuwa saƙo. Mahaɗin na aiki, sai dai wanda bai sani ba yakan ɗauka ya lalace, ko ya yi ƙoƙarin tsabtace shi da hannu ya lalata shi da gaske. MediaWiki ta daɗe tana amfani da nata salon, inda ɗigo ke maye gurbin alamar kaso, har zuwa 2017 da aka kawo tsarin da ke barin haruffan yadda suke a sunan turke.

Babbar matsalar ta rubutu ce. Ga kwamfuta, k da ƙ baƙaƙe ne da ba su haɗa komai ba. Yawancin masu rubutu a waya ba sa sa ƙugiya, wasu don sauri, wasu don allon wayarsu ba shi da ita. Marubuci zai sa wa sashe suna "Kananan hukumomi", a yi ta mahaɗi zuwa gare shi. Bayan wata shida wani masanin ƙa'idar rubutu ya zo ya gyara shi zuwa "Ƙananan hukumomi". Ya yi wa harshe hidima, kuma a lokaci guda ya tsinke duk igiyoyin da aka ɗaura. Gyaran wajibi ne, domin babu mai cewa a bar kuskure; abin da ake bukata shi ne ya bar tsohon rubutun a matsayin ɓoyayyen turke.

Waƙafin sama na kalmomi irin su 'yan da ma'aikata shi ma tarko ne. Akwai miƙaƙƙe, akwai lanƙwasasshe wanda Microsoft Word da wasu wayoyi ke sakawa da kansu, kuma ido da ƙyar yake bambance su. A adireshi na farko %27 ne, na biyu %E2%80%99. Sannan ga bambancin ƙasa da ƙasa: abin da ake rubutawa 'y a Nijeriya, a Nijar ƴ ake rubuta shi. Editan Maraɗi da na Gombe za su iya yin aiki a shafi guda, kowa da gaskiyarsa, mahaɗi ya faɗi a tsakaninsu.

Ko a mayar da kan sashen kansa abin latsawa?

Tambayar tana da fuska ta biyu. Wasu marubuta kan so su saka mahaɗi a cikin kan sashen, ta yadda wanda ya latsa kalmar "Akko" a kai zai tafi shafin Akko. Manhajar ta yarda da hakan, amma jagorar salon rubutu ta Wikipedia ta Ingilishi ta ce a guje shi. Kan sashe yana aiki a wurare da yawa lokaci guda: yana cikin ƙumshiya, yana cikin adireshi, yana kuma fitowa a tarihin gyare-gyare duk sa'ad da aka taɓa sashen. Cusa masa alamomin mahaɗi na iya dagula waɗannan, ya kuma wahalar da makafi masu amfani da manhajar karanta allo, waɗanda ke tsallake daga kai zuwa kai domin gane fasalin shafi. Abin da aka fi so shi ne a bar kan sashen fayau, a sa layi guda a ƙarƙashinsa mai nuna babbar maƙalar da ta yi bayani a faɗaɗe.

Abin da ya fi amfani shi ne sauƙaƙa wa mai karatu kwafe adireshin sashe. GitHub, dandalin masu rubuta manhaja, yana nuna 'yar alamar sarƙa a gefen kowane kai domin haka. A Wikipedia hanyar ita ce a latsa sunan sashen a ƙumshiya, sannan a kwafe adireshin da ya bayyana a sama.

Abin da masu tsara doka suka riga suka sani

Ma'aikacin gwamnati bai kamata ya ga wannan a matsayin baƙon al'amari ba, domin da shi yake aiki kullum. A fayil na ofis kowace takarda tana da lambar shafinta, kuma mai rubuta minti yakan ce a duba shafi kaza. Babu magatakardan kirki da zai sake lambobin fayil don an ƙaro takarda, domin ya san duk mintocin baya za su zama shirme.

Masu tsara doka sun fi kowa riƙe wannan ƙa'ida. Lokacin da aka yi wa Kundin Tsarin Mulki na 1999 gyara na uku, wanda ya fara aiki a 2011, aka shigar da Kotun Ma'aikata ta Ƙasa cikin manyan kotuna, ana bukatar sababbin sassa a tsakiyar babin shari'a. Ba a ture sashe na 255 da waɗanda ke binsa gaba ba. An ƙirƙiro 254A zuwa 254F aka cusa a tsakani. Shi ya sa ma'aikacin da ke da ƙorafin sallama ko haƙƙin aiki yake jin lauyansa na ambaton sashe na 254C, sannan duk hukuncin da aka yanke kafin gyaran yana nan da ma'anarsa, domin lambobin da ya ambata ba su motsa ba.

Masu riƙe da muƙaman siyasa kuwa ba su manta da sashe na 84(12) na Dokar Zaɓe ta 2022 ba, wadda Shugaba Muhammadu Buhari ya sa wa hannu ranar 25 ga Fabrairun shekarar. Sashen ya hana mai muƙamin naɗi yin zaɓe ko tsayawa takara a zaɓen fitar da gwani na jam'iyya yana kan kujerarsa. An yi watanni ana muhawara a majalisa da kotuna da jaridu, kuma lambar kaɗai ta isa kowa ya gane abin da ake magana a kai. Ƙarfin adireshi tabbatacce ke nan. Bambancin wiki da doka shi ne, a doka lamba ce adireshi, taken gefe kuwa bayani ne kawai. A wiki an haɗe biyun wuri guda, sunan shi ne adireshin, don haka gyaran suna ƙaura ce.

Ofis ba takarda

Ofishin Shugabar Ma'aikatan Tarayya, ƙarƙashin Didi Esther Walson-Jack da ta kama aiki a Agustan 2024, ya sa wa ma'aikatu wa'adin ƙarshen 2025 su koma gudanar da fayiloli ta kwamfuta. Ma'anar wannan ita ce, "duba shafi kaza" na komawa mahaɗi. Takardun umarni da ƙa'idojin aikin gwamnati da jagororin sayen kaya za su riƙa yawo a matsayin adireshi, daga Abuja zuwa ofisoshin tarayya da ke Gombe da sauran jihohi. Dokar 'Yancin Samun Bayanai ta 2011 ta ba hukuma kwana bakwai ta amsa buƙatar ɗan ƙasa. Jami'in da ya amsa da mahaɗin da ke zubar da mai tambaya a saman takarda mai shafi ɗari biyu ya cika wa'adi, amma bai biya bukata ba.

Akwai matakan da ba sa cin ko kwabo. Mai rubuta takardar da za ta zauna a intanet ya yi kanunsa da tsarin kai na manhajar, domin kalmar da aka ƙara wa kauri da hannu ba ta samun turke, takardar da aka ɗauki hotonta aka ɗora kuwa ba ta da kai ko ɗaya da kwamfuta za ta gane. Ya zaɓi gajeren suna, ya sa ƙugiyoyinsa daidai tun ranar farko, ya guji maimaita kai iri ɗaya a shafi guda. Inda takardar ke da nauyin doka, ya ba kowane sashe lamba tabbatacciya kamar yadda majalisa ke yi. Idan sauya suna ya zama dole, a bar tsohon a matsayin turke.

Shi kuma hadimin da ke tura mahaɗi yana da kariya biyu. MediaWiki tana ba kowane gyara lambarsa, kuma tana da abin da ake kira mahaɗin dindindin, wanda ke buɗe shafi yadda yake a ranar da aka kwafe shi, ko da an sauya shi sau ɗari daga baya. Idan aka ƙara masa # da sunan sashe, ubangida zai ga ainihin abin da hadiminsa ya gani. Ga takardar PDF kuwa, ƙara #page=12 a ƙarshen adireshi yana buɗe shafi na 12 kai tsaye a yawancin burauzoji na kwamfuta. Ko da an yi duk wannan, yana da kyau a rubuta sunan sashen da kalmomi a jikin saƙon, domin idan mahaɗin ya kuskure, mai karatu ya san abin da zai laluba.

Gombe na ci gaba da faɗaɗa ta ɓangaren hanyar Bauchi, kuma bayanin Tumfure zai ci gaba da ƙaruwa yana sauya mazauni, yau sashe a shafin wani, gobe cikakken shafi mai nasa sassan. Duk lokacin da aka matsar da shi, aikin mai gyara bai kammala ba sai ya bar alama a tsohon wurin, kamar yadda ofishin da ya tashi ke manna takarda a ƙofa yana faɗin inda ya koma.